Jinginar Gida: Ina Ruwan Gwamnati?

Akwai masu cewa idan mai kuɗi da mai neman bashin gina gida sun zauna, sun shirya, kowa ya sa hannu a takarda da yardarsa, to, babu ruwan gwamnati a tsakaninsu. Maganar tana da ƙarfi, gama mutum ba yaro ba ne. Amma kafin mu amince da ita sai mu tambaya: yarda kaɗai ta isa ta mai da ciniki na adalci?

A 1891 Paparoma Leo na 13 ya amsa irin wannan tambaya game da ladan ma'aikaci. Ya koyar cewa wanda ya karɓi mugun sharaɗi don matsi ko tsoro, tilasta masa aka yi, ko da ya ce ya yarda. Haka yake ga magidancin da kuɗin haya ya isa. Ba ya zaune daidai da banki. Banki yana da lauyoyi da masu lissafi, yana kuma iya jira; magidanci kuwa damina tana zuwa, mai gida ya ba shi wa'adi. Shi ya sa Shari'ar Musa ta hana karɓar dutsen niƙa a matsayin jingina, domin abin rayuwa ne. A sura 5 ta littafin Nehemiya mun ga mutanen Yahudiya sun jinginar da gonaki da gidaje saboda yunwa. Nehemiya, wanda yake gwamna, bai ce ai sun yarda ba. Ya tara manya, ya tsauta musu, ya sa suka mayar da abin da suka karɓa.

Zamaninmu ma ya ga abin da sake yake jawowa. A Amurka, kafin 2008, an riƙa ba mutane bashin gida ba tare da an bincika samunsu sosai ba. Kuɗin ruwan yakan fara da sauƙi, bayan shekara biyu ko uku ya haura. Wanda ya ba da bashin bai damu ba, gama yakan sayar wa wani da shi, ya ɗauki ribarsa ya wuce. Da abin ya rushe, miliyoyin iyalai suka rasa muhalli. A Satumba 2008 gwamnati ta karɓi ragamar Fannie Mae da Freddie Mac, manyan kamfanonin da suke sayen irin wannan bashi, a 2010 kuma aka yi dokar da ta wajabta wa mai ba da bashi ya tabbatar mai karɓa zai iya biya. Abin da hankali ya kamata ya faɗa tun farko, sai da aka yi hasara aka rubuta shi.

A nan Nijeriya, dokar soja mai lamba 53 ta 1989 ta buɗe ƙofar kafa ƙananan bankunan bashin gida. Suka tsiro kamar ciyawar damina, da yawa kuwa suka mutu da ajiyar talakawa a cikinsu. Daga baya aka danƙa kula da su a hannun Babban Bankin Nijeriya. Har nan, ina ganin babu gardama: hukuma tana da iko, tana kuma da nawaya, ta tsaya tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi.

Amma ga inda maganar ta fi nauyi. Idan makiyayin da kansa ne yake riƙe da tukunyar nono fa? A 1992 dokar soja mai lamba 3 ta kafa Asusun Gina Gidaje na Ƙasa. Aka umarta a riƙa cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci kowane wata, a zuba a Bankin Lamunin Gina Gidaje na Tarayya, domin masu zubi su sami bashi da ruwa mai sauƙi, su biya a hankali; daga baya aka tsayar da ruwan a kashi 6 cikin 100, wa'adin biya kuma har tsawon shekara 30. Manufar kyakkyawa ce; adashi ne na ƙasa baki ɗaya. Sai dai a adashi kowa yakan kwashi nasa in layi ya zo kansa. A wannan kuwa, kafin ka kwasa, sai ka kawo takardar mallakar fili, sai kuma gwamna ya amince da jinginar, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. Masinja ko malamin firamare wanda filinsa na gado ne, ko wanda ya saya a gaban mai unguwa da shaidu, ina zai sami wannan takarda, da me kuma zai bi ta ofis ofis? Ashe zubin ƙaramin ma'aikaci yana iya zama bashi mai sauƙi a hannun babba. An ce za a mayar masa da kuɗinsa idan ya yi ritaya. Gaskiya ne, amma duk wanda ya san abin da naira take saya a 1992 da abin da take saya yau ya san abin da aka mayar masa.

A ganina, wanda ya karɓi kuɗin mutum ba da zaɓinsa ba, amanar da take wuyansa ta fi ta ɗan kasuwa, gama ɗan kasuwa ana iya ƙin zuwa rumfarsa. Saboda haka ma'aunin da gwamnati take auna bankuna da shi, dole ta auna kanta da wanda ya fi shi tsanani: ta bayyana wa masu zubi nawa aka tara, su wa suka sami bashi, daga wane matakin albashi suke, ta kuma sauƙaƙa samun takardar fili. A 2023 an gyara dokar, zubin ya zama na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Ma'aikatan gwamnati kuwa, waɗanda da yawansu suke zaune tare da mu a coci kowace Lahadi, dokar ba ta ɗauke musu ba.