Korar Ɗan Ƙungiya a Ƙasar Baƙunci: Hukunci ko Yanke Zumunci?

Kusan kowace ƙungiya tamu a nan Ingila tana da dokokin zama: ban da zagi, ban da rigimar siyasar gida, ban da fitar da sirrin majalisa. Ƙarshen takardar kuma ɗaya ne: wanda ya karya, a kore shi. Tambayata ita ce, shin muna da haƙƙin rufe wa ɗan'uwa ƙofa har abada?

Ba na jayayya da wajibcin doka. Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da mummunan laƙabi da bin diddigi da yi da mutum. Majalisar da ta kau da kai daga waɗannan, masu kunya ne za su fara janye jiki, a bar fili ga masu ɗaga murya. Ƙyale mai cin mutunci zalunci ne ga wanda ake ci wa.

Sai dai kora a nan ta fi ta gida nauyi. A Kano ko Damagaram, wanda aka sallama daga wata majalisa zai tsallaka titi ya sami wata. A Manchester kuwa ƙungiya ce dangi: ita ke halartar suna, ita ke karo-karo in an yi rasuwa. In aka cire mutum, an cire matarsa da 'ya'yansa da ba su yi laifin komai ba.

A aikina na injiniyan lantarki, muna sa fis domin ya katse wuta in ta yi yawa, gida ya tsira. Amma ba a barin layin a mace. Ana gano inda matsalar take, a gyara, a maido da wuta.

Mu dubi Ka'abu bn Malik, Allah Ya yarda da shi. Bayan yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, an ƙaurace masa tare da abokansa biyu har kwana 50. Amma sai da aka saurare shi tukuna, bai daina halartar salla a masallaci ba, kuma lamarin ya ƙare da karɓar tuba. Wannan ma da umarnin Annabi ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi; mu an hana mu ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana 3 saboda fushin kanmu.

Saboda haka nake ganin hukunci ba ya zama adalci sai an rubuta dokar kafin laifin, an ji ta bakin mai laifin, an yanka wa'adin dawowarsa, kuma dokar ta hau kan Alhajin da ya fi kowa ba da gudummawa kamar yadda take hawa kan ɗalibi.

Allah Ya haɗa kawunanmu a kan gaskiya.