BARIN NAMA DA GINA ƘWANJI: ABIN DA SHARI'A TA CE DA ABIN DA JIKI KE BUƘATA



Matasanmu masu ɗaga ƙarfe sun yawaita turo min tambaya ɗaya: Malam, wanda ba ya cin nama zai iya gina ƙwanji? Wani tsadar nama ce ta hana shi, wani likita ne ya hana shi, wani kuma ɗalibi ne a Indiya, bai natsu da yankan da ke kusa da shi ba.

Mu fara da hukunci. Nama halal ne, barinsa don lafiya ko rashin kuɗi ko shakkar yanka ba laifi. Laifin shi ne mutum ya haramta wa kansa shi da sunan ibada. A Sahihu Muslim, Anas (RA) ya ba da labarin wasu sahabbai, ɗayansu ya ƙudurta daina cin nama don neman kusanci ga Allah, Annabi (SAW) bai yarda da wannan tsanantawa ba. A littafin dai ya zo cewa mumini mai ƙarfi ya fi soyuwa ga Allah a kan mai rauni, duk da kowanne akwai alheri tare da shi.

To, me jiki ke buƙata? Tsoka da furotin ake gina ta. Babban mutum da ba ya motsa jiki sosai, kimanin giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa ya wadatar da shi a rana. Mai ɗaga ƙarfe kuwa yana buƙatar wajen giram 1.6. Kenan mai kilo 70 zai nemi kusan giram 112.

Ga abin da Allah Ya hore mana a kasuwa. A giram 100 na busasshen waken suya akwai furotin kusan giram 36, gyaɗa 25, farin wake 24. Ƙwai ɗaya giram 6, kofin madara kusan 8. Kenan awara, ƙosai, alala, ƙuli-ƙuli da nono duk kayan gini ne. Amma a lura, wannan awo na ɗanyen wake ne. In ya dahu ya sha ruwa, don haka cokali biyu a gefen tulin shinkafa ba zai kai ka ko'ina ba. A cika wake, a raba shi safe, rana da dare.

Akwai wata hikima kuma. Tubalan furotin guda 20 ne, tara daga ciki jiki ba ya iya haɗa su, sai daga abinci. Wanda ya yi ƙaranci a hatsi yana da yawa a wake, wanda ya yi ƙaranci a wake hatsi na da shi. Garau-garau da ƙosai da koko da muke rainawa, ashe haɗi ne cikakke. Subhanallah!

Gargaɗi uku, 'yan uwa. Na ɗaya, wanda ya bar nama da ƙwai da madara gaba ɗaya, ya nemi bitamin B12, don tsirrai ba sa ba da shi. Na biyu, mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai ya ga likita. Na uku, wallahi ku guji allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka da ake sayarwa a ɓoye. Suna cutar da hanta da zuciya, suna rage ƙarfin haihuwa. Jiki amana ne, ba a cutar da shi don a burge mutane.

Kuma a gyara niyya. Ƙarfin da ba ya tashinka sallar asuba, ba ya ɗaukar wa mahaifiyarka buhu, sai hoto ba riga a Facebook, me ya amfana maka?

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Wallahu a'alam.