Kututturen da Bai Mutu Ba

Wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram a yau zai ga gonakin gero cike da itatuwa: gawo, kalgo, aduwa, magarya. Galibinsu ba wanda ya dasa su. Bayan farin shekarun 1970 an zuba kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa a Nijar, amma rana da iska da awaki suka gama da yawancin dashen. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya tsaya ya dubi 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara kafin faɗuwar damina. Ashe toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tuntuni, saiwarsu na nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa.

Aikin da ya biyo baya ba shi da wuya. Manomi zai durƙusa gaban kututture, ya zaɓi toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi, ya cire sauran. Da wuƙa mai kaifi zai datse rassan ƙasa, yana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, sannan ya kare su daga dabbobi har su yi tsayi. Manoma suka sa wa abin suna sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5.

Duk lokacin da aka yi maganar koya wa yaran firamare juriya da kwanciyar hankali, wannan labari ke faɗo mini a rai. Mun ɗauka juriya abu ce da za a kawo daga waje a cusa wa yaro, alhali da ita aka haife shi. Dubi yaron da ke koyon tafiya, sau nawa yake faɗuwa ya tashi ba tare da an roƙe shi ba? Mu ne muke sassabe ta kullum.

Ga yarinya 'yar aji uku gaban allo, alli a hannu, an ce ta cire 8 daga 23. Ta rubuta 25. Aji ya fashe da dariya, malam ya ce, "Daƙiƙiya, koma ki zauna." Ta koma ta sunkuyar da kai, tana murza gefen hijabinta. Gobe ko ta san amsa ba za ta ɗaga hannu ba. Da malam ya ce, "Kin cire 3 daga 8 ne, ko? To zo mu ara daga gidan goma," da ta koyi lissafi, ta kuma koyi abin da ya fi lissafi: kuskure yana gyaruwa, kuma ba ya rage wa mutum daraja.

Haka muke yi wa yara maza da "namiji ba ya kuka." Yaro ya haɗiye kukan, mu ce ya yi haƙuri, shi kuwa tsoro ne ya rufe masa baki. Abin da aka haɗiye yana fitowa ta wata ƙofa: faɗa a filin wasa, fitsarin kwance, ciwon ciki kowace safiyar Litinin.

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari. Emmy Werner da abokan aikinta sun bibiyi yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Amurka a 1955 har suka manyanta. Cikin waɗanda suka taso a talauci da rikicin gida, kusan kashi ɗaya bisa uku sun zama mutane masu natsuwa da riƙon kai. Wani abu da ya yi ta bayyana a tarihinsu shi ne samun babba ko da guda ɗaya, kaka ko maƙwabci ko malami, wanda yaron ya amince da shi. Wannan bai fi ƙarfin kowace makaranta ba, ko da ta rasa benci.

Sauran abubuwan da ke ƙarfafa juriya ma koyar da su ake yi kamar karatu. Yaro ya iya faɗin abin da ke ransa da sunansa: fushi nake ji, tsoro nake ji, kunya ta kama ni. Ya iya jan numfashi a hankali, ya ƙirga zuwa goma kafin ya ɗaga hannu kan ɗan'uwansa. Ya san wanda zai kai wa kukansa. Minti biyar bayan kiran suna ya isa a fara.

Sai dai kada mu fake da kalmar juriya mu bar yara da nauyin da ba nasu ba. Yaron da ya zo aji bai karya ba, koko yake buƙata kafin nasiha. Yaran da aka sace daga makaranta a Tegina a 2021 da Kuriga a 2024, da dubban da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu a Borno da Diffa, suna buƙatar tsaro da ƙwararrun masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Wannan haƙƙi ne a wuyan hukuma, darasin aji ba zai sauke shi ba.

Amma malamai da iyaye, akwai rabonmu da ba ya jiran kasafin kuɗi. Shugaban makaranta ya hana kiran yaro da sunan wulaƙanci, ya kuma tsaya a kan hanin. Malamin aji ya san sunan kowane ɗalibinsa, ko da sun kai ɗari, ya lura da wanda ya yi shiru kwana biyu ya kira shi gefe. Ku kuma iyaye, idan yaro ya dawo gida da jan biro a littafinsa, ku zaunar da shi ku tambaye shi inda abin ya ba shi wuya kafin ku nemi bulala.