Shaidar Abin da Ido Bai Gani Ba

Duk wanda ya taɓa kai akwatin rediyonsa gyara a Kakuri ko Sabon Tasha ya san abin da mai gyara yake fara yi. Zai ɗauko mita mai wayoyi biyu, ja da baƙa, ya ɗora bakinsu a ƙafafun abin da yake zargi, sa'annan ya zuba wa allura ido. Mu da muke tsaye ba mu iya karatun allurar ba, amma hankalinmu a kwance yake, domin akwai alƙali a gaba: ko dai rediyon ya yi magana ko ya ƙi.

To, akwai masanan da aikinsu irin na mai gyaran nan ne, sai dai abin da suke ɗora wa wayoyin shi ne molekul guda ɗaya tak, wato 'yan ƙwayoyin zarra da suka haɗu suka zama ƙwayar sinadari. Sai an jera irinsa fiye da 100,000 kafin a kai kaurin zare ɗaya na atamfar da masaƙun Kakuri suka saƙa. A 1974 Arieh Aviram da Mark Ratner suka kawo shawarar cewa molekul guda zai iya barin wuta ta bi ta gefe ɗaya ya hana ta komowa. Sai a 1997 Mark Reed da James Tour da abokan aikinsu a Amurka suka ba da rahoton awon wutar da ke ratsa molekul da aka maƙala tsakanin tsinin zinariya biyu, da ƙwayar farar wuta a kowane gefe tana riƙe da zinariyar.

Wuta ba ta bin molekul kamar yadda ruwa ke bin bututu. Ilektiron yakan ɓulla ne ta ɗaya gefen shingen da a lissafin yau da kullum bai isa ya tsallake ba, kuma a wasu nau'o'in, ƙarin ƙwayar kabon ɗaya a tsawon molekul ɗin yakan mayar da wutar kusan sulusinta. Bugu da ƙari, in riƙon da farar wuta ta yi wa zinariya ya ɗan karkace, awo ya sauya. Shi ya sa a 2003 Nongjian Tao da Bingqian Xu suka koma haɗawa da tsinkewa sau dubbai, suna duba inda sakamakon ya fi taruwa. Awon gaskiya a wannan fage ba ya rabuwa da hayaniya da 'yar rawar allura.

A nan ne tambayarmu take. A 2001 wani matashi Bajamushe, Jan Hendrik Schön, da ke aiki a Bell Labs, ya buga cewa ya yi taransisto da molekul guda. Ɗakunan bincike da dama suka yi ta gwadawa ba su samu ba, kowa yana zargin hannunsa. Daga baya Lydia Sohn da Paul McEuen da wasu suka lura cewa zane-zanen gwaje-gwajensa daban-daban suna ɗauke da hayaniya iri ɗaya sak, alhali hayaniya ba ta maimaita kanta. Kwamitin da Malcolm Beasley ya shugabanta ya same shi da laifi a zargi 16 cikin 24, aka sallame shi a Satumban 2002. Amma abin mamaki, a Yunin wannan shekarar masana a jami'o'in Cornell da Harvard suka buga nasu taransiston na molekul guda, kuma shi McEuen ɗin yana cikinsu. Ashe abin mai yiwuwa ne. Shin wanda ya ba da shaidar abin da bai gani ba, alhali abin yana nan, ya yi ƙarya?

Wani zai ce ai riga malam masallaci kawai ya yi, tunda inda ya nuna nan aka je. Mu dai ba mu yarda ba. Schön bai ce "ina zato" ba, cewa ya yi "na auna". Aviram da Ratner ma sun faɗi abin da ba su gani ba, amma sun kira shi shawara, aka shafe shekaru ana nema, babu wanda ya ce sun yaudare shi. Mai shaida a gaban alƙali da ya rantse ya ga ɓarawo yana haura katanga alhali yana barci a lokacin, ya yi shaidar zur ko da mutumin shi ne ɓarawon, domin ba a kan satar aka rantsar da shi ba, a kan idonsa ne. Kuma ɓarnar ba ta tsaya ga shi kaɗai ba: akwai ɗaliban da suka ɓata watanni suna bin girkin da ba a taɓa dafawa ba.

Mu marubuta bai kamata mu yi saurin taɓe baki ba. Mai ƙagaggen labari ya riga ya shaida wa mai karatu cewa ƙagawa yake yi, don haka babu bashi tsakaninsu. Amma sau nawa ɗayanmu ya zauna rubuta tarihin rufewar masaƙun Kakuri, ya sa wa tsohon ma'aikaci maganar da bai yi ba, don kawai mun tabbata abin da ke ransa ke nan? Wanda ya yi hirar da gaske yakan dawo da kame-kame da saɓani da labarin da bai kai ƙarshe ba, mu kuma sai mu goge su don shafi ya yi kyau. Da kwamitin Beasley ya nemi ainihin alƙaluman awon Schön da littattafan aikinsa, bai ajiye littattafan ba, alƙaluman kuwa ya ce ya share su saboda kwamfutarsa ba ta da wurin ajiya.