Nadamar Sarki Wu

Ya kai mai karatu, nadamar da ta zo a makare tana da amfani kuwa?

A shekara ta 91 kafin haihuwar Almasihu, Sarki Wu na daular Han a ƙasar Sin ya tsufa, ga ciwo. Wani bafade, Jiang Chong, ya ce yarima mai jiran gado, Liu Ju, ya binne gumakan itace don yi wa ubansa sammu. Yarima bai sami hanyar ganin uban ba. Ya kashe bafaden, aka kwana 5 ana yaƙi a Chang'an, babban birni. Da aka ci shi ya gudu, ya rataye kansa.

Daga baya sarki ya gane ƙazafi ne. Ya gina fada don kewar ɗansa. A shekara ta 89 ya sassauta yaƙe-yaƙe, ya ce a koma noma. Da ma yarima ya sha roƙonsa ya rage yaƙi.

Fadar ba ta ta da mamaci ba, amma talakawa sun sami sauƙi. Nadama ba ta gyara jiya, sauran kwanakinka take gyarawa.

Kai fa, sukar wa aka kawo maka? Kira shi yau, ka ji daga bakinsa.