Kujerar Bakin Taga a Jirgin Alhazai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, akwai wata 'yar mas'ala da ke ta da ƙura duk shekara a tsakanin maniyyatanmu na Yargalma da sauran ƙasar Bukkuyum da Gummi da Anka, tun daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na III a Sakkwato, inda mutanenmu suka daɗe suna tashi: wa zai zauna bakin taga? Kada mai karatu ya raina ta, domin an sha ganin dattawa biyu sun isa Jidda ba su magana da juna saboda ita.

Abu na farko ba shi da wuya. Kujera ta wanda lambarta ke kan takardarsa ce. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a ta da mutum daga mazauninsa a zauna. Saboda haka sarauta ko dukiya ko furfura ba su halatta ƙwace ba.

Inda wuyar take shi ne, mai kujerar ya kamata ya bar wa ɗan'uwansa ita, ko ya riƙe abinsa? Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, shi ne kuma ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya kawo ƙa'ida cikin Al-Ashbahu wan Naza'ir cewa fifita wani a kan kai abin so ne cikin sha'anin duniya, amma makaruhi ne cikin ibada. To, sai wani ya ce ai duban halitta ibada ne. Suratul Gashiya ta yi kira a dubi sama da duwatsu da ƙasa, Suratul Mulki ta ja hankali ga tsuntsaye da Wanda ke riƙe su a sararin sama. Wanda ke tagar zai ga Kogin Nilu kamar zare, ya ga Bahar Maliya da kakanninmu suke isa gaɓarta a Sawakin bayan watanni, wasu shekaru, suna tafiyar ƙasa ta Chadi da Sudan. Ashe ke nan barin taga barin lada ne?

Hujjar tana da kyau, amma ni ban gamsu ba. Tafakkuri aikin zuciya ne, taga kuwa dalili ne kawai. Makaho yakan yi shi, mai ido ya kwana yana ɗaukar hoton gajimare da wayarsa bai ce Subhanallahi ko sau ɗaya ba. Kuma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin abin da ke jan mu bakin taga sha'awar kallo ce da neman labarin da za a bayar in an komo gida. Wannan halal ne, amma rabon duniya ne, kuma a irinsa ne Suratul Hashri ta yabi Ansaru. Ɗan kasuwar da ke zuwa Umra kowane azumi, in ya bar wa manomin da ya sayar da shanunsa don wannan tafiya ɗaya, bai yi hasarar komi ba.

Sai dai a tambayi dattijon tukuna. Tafiyar sa'o'i ce, mai ciwon gwiwa ko yawan fitsari kujerar bakin hanya ta fi masa, kada a kulle shi a lungu da sunan girmamawa. Wanda aka miƙa wa kuma ya duba fuskar mai bayarwa. Muslim ya ruwaito cewa shi Ɗan Umar, in mutum ya tashi masa daga mazauni, ba ya zama a wurin, malamai suka ce don tsoron kada kunya ce ta ta da shi.