Ƙwayar Da Ake Sha Don Ƙwadago, Mene Ne Hukuncinta?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ɗaukaka ɗan Adam da hankali, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

A ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da wuya a ga Musulmi ya ɗaga kwalbar giya a bainar jama'a, tun ma kafin Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000. Amma saurayin da ke ƙyamar burkutu shi ne zai haɗiyi Tiramol da asuba kafin ya shiga gonar masara ko filin noman rani na ruwan Tiga, ya ce shi ba maye yake nema ba, ƙarfin ƙwadago yake nema. To, kyawun niyya yana halatta ƙwaya?

Malamai sun lissafa abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin ta tsare, wato addini da rai da hankali da nasaba da dukiya. Da Suratul Ma'ida ta haramta giya a aya ta 90, aya mai bi mata ta faɗi dalili: tana haddasa gaba, tana hana ambaton Allah da salla. Hukunci kuwa dalili yake bi, ba suna ba. Ya tabbata a hadisi cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Majinyacin da likita ya rubuta wa magani, wannan lalura ce, hukuncinsa dabam.

Ƙarfin da ake tutiya da shi ma ruɗi ne. Tiramol maganin ciwo ne, gajiya yake ɓoyewa, ba ya ƙara wa jiki komai. Rance ne mutum yake ci daga lafiyarsa. Ƙwaya ɗaya takan koma uku, kuɗin ƙwadagon ya ƙare wajen mai sayarwa, wani ma ya yanke jiki ya faɗi da farfaɗiya.

Laifin kuma bai tsaya kan mai sha ba. La'anar da ta zo game da giya ta haɗa har da mai sayarwa da mai ɗauka da mai cin kuɗinta. Mai kemis da ke miƙa ƙwaya ba takardar likita, da mai gonar da ya san da me 'yan ƙwadagonsa ke aiki ya kau da kai, su auna kansu da wannan ma'auni.

Rahoton 2018 na binciken da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya sun kai miliyan 14.3. A shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Akwai kuma makarantar gyaran tarbiyya a Kiru. Sai dai makaranta ɗaya ba ta ɗauke nauyin da ke kan uba da liman da mai unguwa, kuma wanda ya faɗa ciki ya fi bukatar magani da nasiha a kan tsangwama.

Allah Ya shiryi matasa, Ya tsare musu hankulansu, amin.